Mun saɓa da Malam mai laburare, ku ba ni shawara

Maman_Ilham ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Wata magana ce ke ci min tuwo a ƙwarya tun makon jiya, na ce bari in kawo ta nan ko akwai wanda ya taɓa shiga irinta.

Ina koyar da Tarihi a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati a cikin Kano, ba sai na kama suna ba. Wannan zangon muna kan zuwan Turawa Arewa, yadda suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka wuce Sakkwato a watan Maris, har zuwa yaƙin Burmi da haɗe Kudu da Arewa a 1914. Zangon da ya wuce da na ba 'yan SS2 aikin gida wallahi kuka ne kawai ban yi ba, takarda 76 na karɓa amma fiye da rabi abu ɗaya ne sak, har kuskuren ma iri ɗaya, daga wayar yayyensu suka kwafo, wata ma har da wurin da aka rubuta "read more" ta kwafe min da jan biro ta ja masa layi. To shi ne wannan karon na ce babu waya, kowa ta je laburare ta duba littafi, ta rubuto min sunan littafin da lambar shafi.

Aka tashi tara suka ɗunguma gaba ɗayansu. Ko minti goma ba a yi ba sai ga monita ta dawo wai Malam ya kore su ya sa kwaɗo. Na tashi na je da kaina raina a ɓace, ya ce min a gaban yara wai Malama nan fa ba kasuwar Kurmi ba ce da za ki turo min garke ba sallama. Ni kuma bakina bai yi shiru ba, na ce to littattafan gara aka ajiye wa ko yara? Tun ranar gaisuwa ma sai dai ta ɗaga hannu.

Gaskiya shekarata 6 a makarantar nan ban taɓa ganin ɗakin nan a buɗe awa biyu a jere ba, in ka leƙa ta taga ƙura ce kawai da tsofaffin kujeru. Ina so in kai ƙara wajen firinsifal amma ban san ko zai gyara ba ko ƙara ɓata abin zai yi. Ku da kuke aiki da masu laburare lafiya ƙalau, yaya kuke yi?

Dan_Samaru ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Ni ma'aikacin laburare ne a wata makarantar maza a jihar Kaduna, a ABU na yi karatun, sashen da ke koyar da aikin nan tun 1968 yake, saboda haka ki yi haƙuri zan ɗan tsaya wa ɗan uwana kafin in zo kan laifinsa.

Kin san kujera nawa ce a ɗakin? Nawa ɗakin 36 ce, kuma littafin tarihi da ya yi maganar 1903 sosai bai wuce kwafi shida ba. Ki auna yara 76 a kan littafi shida cikin minti talatin na tara. Abin da zai faru na sha gani da idona, ɗaya ta riƙe bango ɗaya ta riƙe tsakiya, wadda ta ga ba za ta samu ba sai ta fizge shafin da take so ta cusa a hijabi, shikenan littafi ya tashi aiki. Kuma abin da malaman aji ba su sani ba, ranar da aka ba mutum makullin nan sai da ya sa hannu a rajista cewa ya karɓi littafi kaza, in masu duba makarantu suka zo aka ƙirga aka ga giɓi shi za a tuhuma, ni nan na taɓa biyan kuɗin littafi uku daga albashina kuma har yau ban san wanda ya ɗauke su ba. Mutumin da aka yi wa haka sau ɗaya kwaɗo zai zama abokinsa. Ba daidai ba ne amma dalilin ke nan.

Sannan ki bincika ko shi ma ya karanci aikin. A makarantu da yawa wanda ake kira mai laburare malami ne da ya manyanta ko ba shi da lafiya aka ce je ka huta a can, alhali aikin sana'a ne mai zaman kansa, har hukumar rajistar ma'aikatansa akwai, LRCN, tun 1995 aka yi dokarta.

Yanzu ga inda kika yi kuskure, ba ki gaya masa ba sai da yara suka iso ƙofa. Littattafai ba a jere suke yadda manhajarku take ba, da lamba muke jera su, tsarin Dewey. Tarihi yana 900, na Afirka 960, na Najeriya 966.9. Amma abin da kike nema ba duka ke nan ba, bayanin mulkin Turawa ta hannun sarakuna za ki iya samunsa a littattafan Gwamnati wajen 320, abin da ya shafi Shehu da daular Sakkwato wani yana 297 cikin littattafan addinin Musulunci, taswira kuma tana can wajen atlas. Yarinyar SS2 ba za ta taɓa haɗa wannan da kanta ba, ke ma in ba a nuna miki ba sai kin sha wuya. Amma da kin ba shi mako guda, littafi shidan nan sai su zama goma sha biyar.

Yadda nake yi da malamin Bayoloji namu, kuma shi kaɗai ne ya yarda muke yi tsawon shekara uku yanzu, makon farko na zango yake kawo min fotokwafin tsarin darussansa na mako-mako, in zauna in duba abin da muke da shi kan kowane batu in rubuta masa a takarda, abin da babu in ce masa babu tun wuri kar ya ba yara aikin da ba za su samu ba. In lokacin ya yi sai in kwashe littattafan in ware musu kanta guda kusa da teburina, ba a aron su ba a fita da su sai an gama aikin. Yara kuma kashi-kashi suke zuwa, ashirin ashirin, a lokacin darasinsa ba lokacin tara ba, kuma yana tsaye a ciki. Wannan na ƙarshen shi ne ginshiƙin, malami ya turo yara shi ya tafi ɗakin malamai shan shayi, wannan reno aka kawo min. Minti goma na farko nawa ne, in nuna musu yadda ake duba jerin abin da ke ciki a gaban littafi da fihirisar da ke baya, sauran lokacin nasa.

Kar ki kai ƙara tukuna. In kika kai, firinsifal zai ce ya buɗe, zai buɗe kuma, ya zauna ya naɗe hannu yana kallonku, ki tambayi littafi ya ce duba kanta.

Abba_Dijital ya amsa:

Ni fa ban gane wahalar da kuke ba kanku ba. Ana zamanin da JAMB ma a kwamfuta ake rubuta ta ku kuna faɗa kan littafin da aka buga tun kafin a haifi iyayen yaran. Ku koya musu bincike a waya kawai a wuce wurin, laburaren a mai da shi ɗakin kwamfuta.

Dan_Samaru ya amsa:

Abba ai wayar ce ta haifar da "read more" da jan biro. Yarinyar da ba ta iya tambayar wa ya rubuta wannan, yaushe, daga ina ya samo ba, ko kwamfuta goma ka ajiye mata kwafa za ta yi. Kuma wannan tambayar ita muke koyarwa, ko a takarda ko a intanet. Ka kawo kwamfutocin da sola muna so, ni zan fi kowa murna.

Malam_Na_Funtuwa ya amsa:

Malama sannu da haƙuri. Ni Hausa nake koyarwa, kuma matsalarmu ta fi taku, don in kika cire littattafan da WAEC da NECO suka sa a jarrabawa, abin karantawa da Hausa a ɗakinmu bai cika hannu biyu ba.

Abin da ya haɗa ni da mai laburarenmu abin dariya ne. Na shiga neman tsohuwar jarida zan naɗe wani abu, sai na tarar da tulin Aminiya ta kusan shekara huɗu a bayan kabad ta ɗaure su da igiya wata-wata, ashe ita ke saye da kuɗinta duk mako ta karanta ta ajiye. Na ce Hajiya wannan ai dukiya ce kike zaune a kai. Muka zauna ni da ita muka fitar da batutuwa daga manhaja, sana'o'in gargajiya, bukukuwa, sarautu, magungunan gargajiya, waƙa da mawaƙa, sai ranar Alhamis bayan an tashi yara goma sha biyu su tsaya, ta ba su almakashi biyu da reza, ni in karanta in ce wannan ya shiga fayil kaza, su yanka su manna a farar takarda. Gam ma ba mu saya ba, sitaci aka dama, bangon fayil kuma kwalin taliya ne muka roƙo a shagon bakin makaranta. Ita ta dage sai an rubuta kwanan wata da lambar shafin jaridar a ƙasan kowane yanki, ni da farko na ga ɓata lokaci ne, sai da wani yaro ya kawo min bayani kan hawan daba na tambaye shi ina ka samo ya ce fayil na uku, jaridar ranar kaza, shafi kaza, na ce lallai Hajiya ta fi ni gaskiya.

Yanzu fayil 14 gare mu kuma malamin Gwamnati ya gani ya fara nasa da jaridun Turanci. Abin da nake so ki ɗauka, ki shiga ɗakin nan ke kaɗai ba tare da yara ba, ki ce ya zagaya da ke. Shekara 6 kina leƙe ta taga fa kika ce. Ba mamaki akwai abin da yake zaune a kai shi ma, ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Wani abu kuma, mu malamai mu daina tura yaro laburare a matsayin horo. Yaro ya yi surutu a ce tafi laburare ka zauna, to me kake koya masa game da wurin?

Mushe_Damagaram ya amsa:

Gaisuwa daga Zinder. Mu nan kolej da yawa ba su da ɗakin littattafai ma sam, sai dai a wasu garuruwa akwai CLAC, gidan karatu na gari wanda ƙungiyar ƙasashe masu Faransanci ta taimaka aka kafa. Lokacin da nake aiki a wani gari mai irinsa, ni ke zuwa wurin mai kula da shi in gaya mishi abin da 'yan ajin BEPC, wato jarrabawar kammala kolej, ke karatu, shi ya ware littattafan, ranar Laraba da marece in kai su. Ba ma'aikatarmu ɗaya ba, ba mai ba wani umarni, shiri ne kawai tsakaninmu da shayi. Ku da kuke da ɗaki da mutum a cikin gida ku gode Allah, ku sasanta.

Baba_Mai_Ritaya ya amsa:

'Yata, na yi firinsifal shekara 11 kafin in ajiye aiki, bari in faɗa miki laifinmu mu shugabanni don kar ku yi ta cin naman juna ke da shi a banza.

Manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka yi ta sabunta ta, ta ce duk mai makaranta ya tanadi laburare mai aiki. A takarda ke nan. A aikace kuwa ni da kaina na sha mai da laburare sito, buhunan takardun jarrabawa can, karyayyun benci can, lokacin WAEC a kulle shi wata biyu saboda masu sa ido suna ajiye kaya. A jadawali akwai darasin laburare sau ɗaya a mako, amma duk malamin Lissafin da bai gama manhaja ba shi yake cinyewa, ni kuma in kau da kai don sakamakon jarrabawa ake tambayata ba yawan littafin da yara suka karanta ba. Kuma ban tuna ranar da na kira mai laburare taron shugabannin sassa ba sai a shekaruna uku na ƙarshe, bayan wata mataimakiyata ta matsa min. Mutum ba ya zama inda ake tsara aikin zango, yaya za a yi ya san abin da ake bukata?

Da muka gyara, abu biyu ne suka yi aiki. Ya fara zama a taron farkon zango kowane shugaban sashe ya miƙa masa tsarin darussa. Sannan na rubuta na sa hannu cewa littafin da ya lalace ko ya ɓata a hannun ɗalibi, in dai an rubuta sunan ɗalibin a rajistar aro, ba a kan mai laburare yake ba, tsakanin makaranta ne da iyaye. Ranar da ya karɓi takardar nan ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, washegari ƙarfe takwas ɗakin a buɗe yake. Littafi yana ɓata, eh, duk zango muna rasa kaɗan, amma gara da ɗigon rufi sun fi yara ci nesa ba kusa ba.

In za ki je wajen firinsifal, wannan takardar za ki roƙa masa, ku je tare ma. Kuɗin sababbin littattafai kuma kar ku zauna jiran ma'aikata, ku rubuta sunayen abin da kuke so ku biyun ku kai wa PTA da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, sun fi saurin sa hannu a aljihu in suka ga jeri da farashi maimakon a ce musu a taimaka wa laburare.

Amma kafin komai, ya girme ki ko? To ki je ki gaishe shi ki ba shi haƙuri kan maganar gara. Shi ma bai kyauta ba da ya yi miki a gaban yara, amma ke kika zo neman shawara ba shi ba.

Maman_Ilham ta amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na bi maganarka duk da sai da na kwana biyu ina jan ƙafa. Na je da safe kafin a yi layi na ce Malam na zo ban haƙuri, ya yi shiru ya ce wallahi shi ma abin ya dame shi, 'yarsa ma sa'ata ce. Ashe difloma gare shi a aikin laburare, shekararsa 19 a wurin, kuma ya ce ni ce malama ta biyu da ta taɓa kawo masa tsarin darasi.

Malam na Funtuwa ka yi gaskiya. Ya buɗe min wani kabad na ƙarfe, littattafan tarihi tara a ciki da atlas biyu, ya ɓoye su ne saboda rufin wajen kantar 900 yana zuba da damina, har ya nuna min guda uku da suka riga suka kumbura suka manne ba sa buɗuwa. Ya ƙaro huɗu daga wajen Gwamnati kamar yadda Dan_Samaru ya ce.

Mun raba yaran kashi huɗu, 19 kowane kashi, ina shiga da kashi ɗaya sauran in bar musu aiki a aji da monita, wannan ɓangaren dai bai yi daɗi ba don hayaniyarsu har ofishin mataimakiya, sai na roƙi wata 'yar bautar ƙasa take zauna min da su. Abin da ya ba ni mamaki Malam da na ɗauka ba ya magana, ya ɗaga littafi ya ce wa zai nemo min Burmi cikin minti ɗaya, suka yi ta buɗe shafi ɗaya-ɗaya, shi kuma ya juya bayan littafin ya sa yatsa a harafin B ya ce shafi kaza, ya buɗe sai ga shi, yaran nan har da tafi kamar ya yi dabo. Ni ma dai na yi shiru ne kawai don ban taɓa tunanin koya musu wannan ba.

Takardar firinsifal ba mu samu ba tukuna, ta ce sai ta yi shawara. Kuma jiya an samu matsala, taswirar da ke tsakiyar ɗaya daga cikin atlas ɗin ta rabe biyu a hannun kashi na uku, ba a san wadda ta yi ba, Malam bai ce komai ba amma na ga fuskarsa. Na ce zan kawo salatif in manne ya ce a'a kar in soma. Dan_Samaru me ya sa, kuma da me ake gyarawa?

Dan_Samaru ya amsa:

Yana da gaskiya Malama, salatif da zafin Kano wata shida ya yi ja ya bushe ya ɓare ya bar tabo, wani lokacin ya tafi da rubutun. Ki samo farin gam irin na kafintoci da siririyar farar takarda marar kauri, a yanka ta kamar faɗin yatsa, a shafa gam kaɗan a manna ta bayan taswirar, a sa leda sama da ƙasa don kar ta kama sauran shafuka, a ɗora littattafai masu nauyi a kai ta kwana. Shi ya san yadda ake yi, gam ɗin ne ba shi da shi. Ki sa 'yan kashi na ukun su tsaya su kalla ana gyaran.